Kujerar da Na Ajiye a Bayan Kyamara

Duk cikinku babu wanda bai taɓa gaya wa wani cewa uwarsa ta yi aiki da likitoci ba. Na ji Hafsatu da kunnena tana faɗa wa dangin mijinta, har da ƙarin gishiri, wai ni na ajiye aikin da kaina saboda kasuwa ce a jinina. Ban gyara mata ba a ranar domin akwai baƙi. Yanzu da nake rubuta muku wannan babu baƙo a tsakaninmu, don haka ga yadda abin yake. Na yi aikin kusan shekara guda, na iya shi, kuma ba ajiye shi na yi ba. Sallamata aka yi, da hujja kuwa.

Lokacin masakar da babanku yake aiki ta rufe, ni kuma ina dillanci. Nakan ɗauko atamfa da leshi daga kasuwar Kwari in bi gidajen Fagge da su, lungu-lungu, har layukan da suka gangara wajen Bata. A cikin masu saye a wurina akwai wata nas, Sista Rahila, 'yar kudancin Zariya da ke zaune a Sabon Gari. Doguwar mace ce mai ƙarancin dariya, ba ta taya kaya sau biyu. Wata rana tana zaɓen zani ta tambaye ni ko na iya karatun boko. Na ce na gama sakandare kafin aure. Sai ta ce akwai wasu likitoci da ke binciken yadda ƙwaƙwalwar jarirai ke girma, ita ce ke kula da ofishinsu, sun ɗauki 'yan mata masu digiri su nemo musu iyaye mata, amma wata biyu ke nan ana ba su ruwa a zaure ana sallamarsu. Suna neman macen da ake buɗe wa ɗaki. Na ce in dai ɗaki ne, babu wanda ban san launin labulensa ba a Fagge.

Ofishin yana saman wani bene a Sabon Gari, ɗaki biyu da baranda, ana jiyo hayaniyar kasuwa ta taga. A ɗaki na farko Sista Rahila ke sa wa jariri wata 'yar hula mai wayoyi, a nuna masa hotuna masu motsi, kwamfuta tana zana layuka. Wannan ba hurumina ba ne. Nawa shi ne ɗaki na biyu. Tabarma ce a shimfiɗe, da kacau-kacau, da 'yar tsana, da kyamara a kan ƙafafunta. In zaunar da uwa da ɗanta, in ce ta yi wasa da shi yadda take yi a gida, in kunna kyamara, in fita in ja ƙofa. Bayan mintoci kaɗan in dawo in kashe. Daga baya in zauna da fom da biro ina kallon bidiyon, ina sa alama duk lokacin da uwa ta dubi fuskar ɗanta, ko ta yi masa magana, ko ta amsa masa gwarancinsa. Tun ranar farko Sista Rahila ta ce doka ɗaya ce a ɗakin nan, kuma ta fi duk sauran: daga uwa sai ɗanta, ko ni kaina ban isa in tsaya ba. Ta ce idan alamomin wata uwa suka yi ƙasa sosai, ana tura ta ganin likita, domin akwai matan da baƙin ciki ke dannewa bayan haihuwa ba tare da kowa ya lura ba. Na gyaɗa kai. Na fahimta sarai, kada wani cikinku ya yi min uzurin rashin sani.

Abin da ya hana 'yan matan nan samun mutane shi ne da iyayen jariran suke magana. Ni dillanci ya koya min cewa mai ɗaura zani daban, mai cewa a saya daban. A gidajenmu uwar miji ce ke da jariri. Su kuwa tsofaffin sun riga sun ji labarin wai hular tana tsotse ƙwaƙwalwa ta maɗiga. Sai na roƙi tsohuwar hula ɗaya da ta lalace, ina yawo da ita a cikin ƙunshina. In na shiga gida sai in zame ɗankwali in ɗora ta a kaina, ta tsaya a tsakiya kamar murfin kwano, a yi ta dariya. Daga dariya sai a yarda, amma da sharaɗi ɗaya: kakar za ta biyo mu ta gani da idonta. A ɗakin hula babu laifi, Sista tana barin su su tsaya. A ɗakin tabarma ne suke turjewa su ce ba za a rufe ƙofa da jikansu ba. Ni kuma ban saba barin ciniki ya ɓaci a kan ƙaramin abu ba. Na ɗauko kujerar roba daga baranda na ajiye ta a bayan kyamara, daidai inda hoto ba ya kamawa. Sista tana can ɗaya ɗakin da wani jaririn, ba ta gani. Na yi haka ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba. Cikin wata uku na cika musu ofis, har babban likitan ya zo ya ce a nuna masa Asabe, ya tsaya a gabana yana yaba min a gaban masu digiri. Na ji daɗin wannan fiye da yadda zan iya gaya muku.

Zulai tela ce, matar wani Sani mai sayar da kayan gyaran waya a kasuwar Sabon Gari. Na daɗe ina kai mata yadi. Ɗanta na fari yana wata shida, kuma sunan marigayi mahaifin Sani aka sa masa, don haka Abba ake ce masa, uwar mijinta Inna Kande kuwa Maigidana take kiransa. Inna Kande ba muguwar mace ba ce, ina so ku riƙe wannan. Ita ta yi wa Zulai wankan jego da hannunta, kuma ranar da na ɗora hular a tsakar gidanta ita ta fi kowa dariya.

"Ke Asabe, ai ke ba ki da fargaba," in ji ta. "In ta tsotsa a naki kan, me za ta samu ban da farashin atamfa?"

Ranar da muka je, Inna ce ta riƙe yaron tun daga gida har muka sauka daga adaidaita. Na zaunar da Zulai a tabarma, na ɗora mata shi a gaba, na nuna wa Inna kujerarta, na kunna kyamara na fita. Da la'asar na zauna kallon bidiyon. Yaron yana ta miƙa hannu, ya kama gefen hijabinta yana ja, yana gwaranci, yana neman idonta. Ita kuwa ta juya fuska ga bango. Sau ɗaya ta gyara masa wuyan riga da yatsu biyu ba tare da ta dube shi ba. Ta tura masa kacau-kacau da bayan hannu kamar mai korar ƙuda. Tun daga farko har ƙarshe ba ta ce uffan ba. Wanda bai san komai ba zai ce wannan mata ba ta ƙaunar abin da ta haifa. Ni kuwa na san komai. Ɗan fari ne, mai sunan surukinta, ga uwar mijinta zaune taku uku tana kallonta. Wace 'yar mutunci ce za ta yi masa wasa a haka? Ni kaina kun san har yau ba na kiran sunan babban yayanku. Kuma na taɓa ɗaga labulen Zulai ba sallama na same ta ta sa ƙafar yaron nan a bakinta tana yi masa waƙa, yana ƙyalƙyala dariya. Duk da haka na ɗauki biro na cika fom ɗin da abin da kyamara ta gani. Kusan babu alama ko ɗaya.

Washegari Sista Rahila ta kira ni, fom ɗin yana hannunta, bidiyon yana tsaye a kwamfuta. Ta ce ta kalla sau biyu, hankalinta bai kwanta ba.

"Hajiya, akwai wani a ɗakin?"

"Babu kowa, Sista. Ni na ja ƙofar da hannuna."

Rabin maganar gaskiya ce, na ja ƙofar. Haka muke yi a kasuwa, ka faɗi gaskiyar da za ta rufe ƙaryar. A cikin ɗan lokacin da ta ɗauka tana dubana na riga na auna abin. In na ce Inna tana ciki, za ta tambayi sauran, sauran kuma duk da kujera aka yi su. Aikin wata da watanni zai zube, kuma ni ce zan tsaya a gaban 'yan matan da na riƙa yi wa kallon ba su san gari ba. Na ce a raina takarda ce kawai, Zulai za ta je, likita zai ga lafiyarta ƙalau, magana ta ƙare.

Sista ta rubuta takardar ta sa a ambulan. Ta ce in ba Zulai hannu da hannu, ita kaɗai, in yi mata bayani cewa hira ce kawai da likita, kuma ba dole ba ne. Da na shiga gidan, Zulai tana banɗaki, Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ce mene ne a hannuna. Na saba duk abin da na kawo gidan nan ita nake fara miƙa wa, kuma ina da wasu gidaje uku a gabana. Na ba ta, na ce saƙon Zulai ne daga ofis, na wuce. Da yamma Sani ya dawo ta ba shi ya karanta. A saman takardar akwai sunan sashen da za a je, kuma duk Fagge an san masu taɓin hankali ake kaiwa can.

Bayan kwana huɗu na koma da wani leshi. Na tarar an mayar da kayan Abba ɗakin Inna. Ba a kawo wa Zulai shi sai in zai sha nono, kuma Inna na zaune har ya gama. An kwashe almakashi da reza daga kan kekenta. Ƙamshin hayaƙin magani ya cika gidan. Inna ta ja ni gefe tana yi min godiya, wai Allah ne ya kawo ni, da ba su gane ba sai ta yi wa yaron illa. Ta ce dama ta lura yarinyar ta cika shiru. Zulai da aka yi shekara biyu ana yabon kawaicinta a gidan, yanzu shirun nan ne ya zama shaida. In ta yi kuka a ce ga shi nan. In ta yi dariya a dubi juna. Asibitin ma ba su kai ta ba, Sani ya ce ba za a ga matarsa a layin can ba, malami aka kira. Ina shirin fita Zulai ta biyo ni zaure, ta riƙe bakin mayafina, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Anti Asabe, ke kin san Inna tana ɗakin. Ke kika ba ta kujera. Ni ba zan iya buɗe baki in ce kunyarta na ji ba, amma ke za ki iya. Ki gaya musu."

Na ce mata ni 'yar aike ce, ba ni na rubuta ba, ta yi haƙuri, komai zai wuce. Na zare mayafina daga hannunta. Na tuna har na gyara shi a kafaɗa kafin in fita titi.

Bai wuce ba. Mata suka daina kai mata ɗinki. Wata maƙwabciya ta ce nonon mai irin wannan ciwo yana shafar yaro, sai aka cire Abba daga nono yana wata bakwai aka koma madarar gwangwani da koko. Zulai ta kwana biyu ba ta ci abinci ba, aka ce ciwon ne ya tashi, aka kai ta gidan iyayenta a Kurna wai ta huta a ci gaba da yi mata addu'a. Duk wannan ina ji, domin a gidajen da nake shiga ake ba ni labari, har ana tambayata yadda injin ya gano. Nakan ce ikon Allah. Na daina bin layin su Zulai. Na daina sa kujerar kuma, na gaya wa kaina wannan ma tuba ce. A gida kuna ganina ina dawowa da katin aiki a wuya, babanku yana ce min Likita. Ina so in ce muku ban iya barci ba, amma ƙarya ce. Na yi barci, na ci abinci, har na ɗinka sabon leshi na zuwa ofis.

Da ma a ce ni na je na faɗa da bakina, da wannan babin ya fi sauƙin rubutu. Kama ni aka yi. Bayan wata uku aka zo kashi na biyu na aikin, wanda ba uwa ake kallo ba, idon jariri ake bi, ana rubuta inda ya duba da tsawon lokacin da ya yi. Sista Rahila ce ke yin wannan da kanta. Wata safiya na shigo na same ta ita kaɗai, ta aiki sauran waje. Ta ce in zauna. Ta kunna bidiyon Abba, ta rage gudunsa. Duk lokacin da ya gaji da jan hijabin uwarsa, sai ya juya ya dubi gefen kyamara na dama, sama kaɗan, ya washe baki. Ta kunna na wani yaron, shi ma nan yake duba. Ta kunna na uku.

"Shekarata ashirin ina aiki da jarirai," in ji ta. "Ban taɓa ganin wanda yake yi wa bango dariya ba. Wa ke zaune a wurin?"

Na faɗa mata duka. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambayi inda Zulai take yanzu, na gaya mata. Ta tambaya tun yaushe na sani, na ce tun farko. Sai ta rufe fuskarta da hannu biyu ta daɗe a haka. Da ta buɗe, ba laifina ta fara faɗa ba, nata ta fara. Ta ce ita ma a ƙasar nan aka haife ta, ta san kunyar ɗan fari, ta tambaye ni ne don ta yi zargin haka, amma da na ce babu kowa sai ta yarda da ni ta ƙi yarda da idonta, ta kuma ba ni takardar da ya kamata ta kai da ƙafarta. Wannan ya fi min zagi ciwo. Ta ce in ajiye katin a tebur, in ɗauki mayafina, Fagge za mu je.

A tsakar gidan Inna Kande na durƙusa na yi bayani, Sani yana tsaye a bakin zaure, Sista Rahila tana gefena. Abba yana goye a bayan Inna. Na faɗi dokar ɗakin, da kujerar, da ƙaryar da na yi, da roƙon da Zulai ta yi min a zaure. Sista ta ƙara da cewa babu injin da ya ga ciwo a jikin kowa. 

"Wato kunyata ta ji," Inna ta ce a hankali. "Yarinya ta girmama ni, ni kuma na ƙwace mata ɗa." Ta dube ni. "Na yi miki godiya fa, Asabe. A nan wurin na tsaya na yi miki godiya, kika amsa."

Ba ta aiki kowa ba. Washegari ita da kanta ta je Kurna, tsohuwa da ita, ta ba iyayen Zulai haƙuri. Ta aiko min cewa in zo ranar da za a dawo da ita, in maimaita maganata a gaban matan layin, tun da a bakinsu abin ya yaɗu. Na je, na maimaita. Wasu da na shekara goma ina sayar wa kaya suna zaune suna kallona.

Zulai ta shigo ta rame, ta gaishe da kowa yadda ta saba, har ni. Inna ta kwance goyo ta miƙa mata yaron. Lokacin ya kai wata goma, ya fara bin bango. Ya dubi fuskarta, ya juya ya cusa kai a ƙirjin Inna, ya riƙe wuyan rigarta da hannu biyu. Inna ta ɓamɓare yatsunsa tana cewa Maigidana, uwarka ce. Da aka ɗora shi a cinyar Zulai sai ya sandare ya fasa kuka irin na yaron da baƙo ya ɗauka. Ta kai hannu ga rigarta don ta ba shi nono, sai ta tuna babu komai a ciki, ta sauke hannun. A gaban mutane ta mayar wa Inna shi da kanta don ya yi shiru, kuma ya yi.

Ni da ban san lokacin yin shiru ba, a nan na matsa kusa da ita na ce ta yafe min don Allah.

"Anti, ba yau ba," ta ce, idonta na kan bayan yaron. "Ki bari ya san ni tukuna."

Sai da aka yi kusan wata biyu kafin ya yarda ta goya shi. Ba ni na gani ba, Sista Rahila ce ta gaya min da muka haɗu a Bata, kuma ita ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakaninmu. Ta ce duk bidiyon da na ɗauka an zubar. Dillancin gida-gida ma ya mutu min a Fagge, domin labulen da ake ɗaga min an daina ɗagawa. Shi ya sa na nemi gefen teburin wani a Kwari, inda mai saye ke zuwa da ƙafarsa, kuma daga wannan teburin shagon da kuka sani ya fito.

Zulai tana nan a gidan, ta haifi huɗu bayansa. Inna Kande ta rasu. Abba ya girma lafiya, amma a ɗakin kakarsa ya tashi har ta bar duniya, kuma ita yake ce wa Inna. In muka haɗu da Zulai a biki ko gidan rasuwa tana gaishe ni, ta tambayi jikina, ta tambaye ku ɗaya bayan ɗaya. Ta ce in bari ya san ta tukuna, ni kuma ban san ranar da za ta ga hakan ya cika ba, kuma ba ni da bakin tambaya. In ta kai ga an shimfiɗe ni ban ji daga gare ta ba, kada ku aika, kada ku kira ta a waya. Babban yayanku ya je da ƙafarsa, ya tsaya a zaure ya yi sallama, ya nema min gafararta. Abin da ta ce, ku karɓa.